Daga Tsavo zuwa Reteti: Waye ke Biyan Kuɗin Nonon Marayun Giwa?

Ɗan giwar da ya rasa uwarsa ba ya daɗewa a daji. Yana shafe shekaru yana shan nono, kuma nonon saniya kashe shi yake yi, don cikinsa ba ya iya narkar da kitsensa. Daphne Sheldrick ta daɗe tana fama da wannan a gandun dajin Tsavo na ƙasar Kenya, inda mijinta David yake shugabanci. Jarirai da dama sun mutu a hannunta kafin ta dace da haɗin madarar gwangwani ta jarirai da man kwakwa. Bayan rasuwar David a 1977 ta kafa gidauniya da sunansa, daga baya gidan renon marayun giwa ya zauna a gandun dajin Nairobi.

A wancan zamani masu farautar haure ne ke mayar da giwaye marayu. Abin ya yi muni har Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989, shekarar da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Hoton wutar ya zaga duniya, aljihun Turawa da Amurkawa ya buɗe. Gidauniyar Sheldrick ta ɓullo da dabara: mutum yana zaune a Landan zai ɗauki riƙon ɗan giwa guda, ya biya dala 50 a shekara, a riƙa aiko masa da labarin yaronsa. Dabarar ta kawo kuɗi sosai. Sai dai kuɗin daga waje suke zuwa, kuma kason madara a kamfanoni yake ƙarewa. Makiyayin da ya tsinci marayan sai dai ya ga an zo da jirgi an tafi da shi.

A 2016 aka buɗe cibiyar renon marayun giwa ta Reteti a yankin Namunyak na ƙasar Samburu, a arewacin Kenya, kuma mutanen wurin ne masu ita. Ƙungiyoyi irin su Conservation International da gidan namun daji na San Diego sun sa hannu da tallafi, amma masu renon 'yan Samburu ne, har da mata. Marayun nan da yawansu ba harsashi ne ya raba su da iyayensu ba. Makiyaya kan haƙa rijiyoyi a busassun koguna don shayar da dabbobi, giwaye su zo sha da dare, ɗan ƙarami ya zame ya faɗa ciki, garke ya gaji da jira ya wuce.

Sai annobar korona ta zo a 2020. Baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, samun madarar gwangwani ya yi wuya, ga jarirai na jiran kwalba duk bayan awa uku, dare da rana. Dole ta sa aka gwada nonon akuya, sai ya karɓe su. Tun daga nan ɗaruruwan matan Samburu ke tatsar awakinsu suna sayar wa cibiyar. A ganina, a duk tarihin nan babu canjin da ya kai wannan, domin dalar da baƙo ya aiko don giwa yanzu tana ƙarewa ne a hannun mace a ƙauye, ta zama kuɗin makaranta da na cefane.

Kada dai a ɗauka Reteti ta tsaya da ƙafarta. Albashin ma'aikata da kuɗin likitan dabbobi da man mota duk suna jiran abin da masu ba da agaji za su aiko, su kuwa sun fi son biyan kuɗin gini da za a ɗauka hoto a kan biyan albashin wata-wata. Kuma nonon akuya yana tafiya ne da ruwan sama. A farin da ya addabi yankin, gwamnatin Kenya ta ƙirga giwaye 205 da suka mutu tsakanin Fabrairu da Oktoban 2022. Marayu suka ƙaru a daidai lokacin da awakin da ke shayar da su suke neman ciyawa su ma.