Bantuz: ƙaramar na'urar da ke fidda iska daga tiyon ruwa

Duk mazaunin Zinder ya san wannan: idan an ɗauke ruwa, ranar da ya dawo pampo ba ya kawo shi kai tsaye. Sai ya yi ta huci da tari, ya feso ya tsaya, kafin ya daidaita. Iska ce ta cika tiyo. Na'urar da ke fidda wannan iska da kanta, ba tare da hannun mutum ba, ita ce ma'aikatan ruwa ke kira bantuz, daga kalmar Faransanci ventouse.

Daga ina iskar take?

Idan tiyo ya bushe, iska ce ke maye gurbin ruwa. Ban da wannan, ruwa kansa yana ɗauke da iska narkakkiya, kusan kashi 2 cikin 100, wadda ke rabuwa da shi idan ya yi zafi ko ƙarfin turinsa ya ragu. Da yake ta fi ruwa rashin nauyi, sai ta taru a duk inda tiyo ya hau tudu. A nan take matse hanya, ta rage yawan ruwan da ke wucewa, ta wahalar da injin turi. Idan kuma ta kuɓuce farat ɗaya, bugun da ruwa ke yi yana iya fasa tiyo.

Yadda take aiki

Bantuz tukunya ce ta ƙarfe da ake ɗaurawa a bisa tiyo. A cikinta akwai ƙwallo mai yawo a kan ruwa, a samanta kuma ƴar ƙofa. Muddin tukunyar cike take, ƙwallon na toshe ƙofar. Iska na taruwa sai ruwan ya ja baya, ƙwallon ya sauko, ƙofar ta buɗe, iskar ta fita. Ruwa na hawowa sai ya sake rufe ta. Manyan cikinsu har shigar da iska suke yi lokacin da ake juye tiyo, don kada ya lotse.

A ƙasashen sanyi kamar Faransa, ƙanwar wannan na'ura ce ake sa wa ƙarafunan ɗumama ɗaki masu aiki da ruwan zafi. Idan iska ta maƙale a cikinsu, ƙasan ƙarfen ya yi zafi, samansa ya yi sanyi.

Me ya sa ta shafi Zinder?

Birnin yana zaune ne a kan dutse, kamar yadda duwatsun unguwar Birni ke nunawa, shi ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo ruwan garin: Gogo da Machaya, Aroungouza, da Ganaram. Tiyon da ya yi tafiyar kilomitoci yana hawa yana sauka, kowane tudu maɓoyar iska ce. Kamfanin SPEN ne ke da waɗannan gine-gine, rarraba ruwan kuma yana hannun NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024.

Abin da magidanci zai kiyaye

Iskar da ke gudu gaban ruwa tana iya juya kontar, a lissafa ta cikin takardar kuɗin wata. Dabara ita ce a rufe babban makullin gida idan an ɗauke ruwa, a buɗe shi sannu a hankali bayan ya dawo.

Mai tanki a bisa rufi, ko injin turi, ko na'urar dafa ruwa da hasken rana, yana iya sa ƙaramar bantuz a wuri mafi tsayi. A tsaye ake ɗaura ta, a ɗan sassauta hularta, domin idan an ɗaure ta tamau iska ba ta fita. Idan ta soma ɗiga, yawanci yashi ne ko datti ya hana ƙwallon rufewa: a wanke ta ko a sauya.

Abin da ke tsakanin titi da kontar na kamfani ne, ba a taɓa shi. Ramukan siminti masu marufi da ake gani a bakin hanyar babban tiyo, wasunsu ɗakunan bantuz ne. Fasa su don ɗibar ruwa yana shigar da ƙazanta, ya kuma rage abin da ke isa unguwanni.