Tsohuwar jahar Borku-Ennedi-Tibesti ta ƙasar Cadi

Mai karatu, in ka ga haruffa uku, BET, bisa wata tsohuwar taswirar Cadi, ka sani sunan jaha ne wadda babu ita yanzu. Ana kiran ta Borku-Ennedi-Tibesti. Ita ce ta mamaye arewacin ƙasar duka. Ta yi iyaka da Libiya a arewa, da Sudan a gabas, da Nijar a yamma. Faɗinta ya kai muraba'in kilomita 600,000, wato kusan rabin Cadi. Babban birninta shi ne Faya-Larjo.

Ƙasa ce ta hamada da duwatsu. A Tibesti dutsen Emi Kusi yake, mai tsawon mita 3,415. Babu wanda ya fi shi tsawo cikin Sahara. A Borku kuwa akwai kwarin Bodele, busasshen gurbin wani tsohon tafki. Ƙurar da ke rufe maka ido lokacin hunturu, da yawanta daga can iska ke kwaso ta. Mutane ba su da yawa, kuma sun taru ne inda ruwa yake kusa. Suna noman dabino, suna kiwon raƙuma, suna haƙar gishiri da kanwa. Mafi yawansu Tubawa ne, dangin waɗanda ka sani a Kawar da Jado.

Mulkin wuri mai nisa haka bai taɓa zama da sauƙi ba. Cadi ta samu ƴancin kai a 1960, amma sojojin Faransa ne suka ci gaba da riƙe BET har 1965. A 1973 Libiya ta mamaye zirin Awuzu, aka yi yaƙi mai tsanani, sai a 1994 Kotun Duniya ta ba Cadi gaskiya. Nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙin ba a gama tone su ba. In tafiya ta kai ka can, kada ka bar hanyar da motoci ke bi.

Abin mamaki, wannan jaha mai ƙarancin jama'a ta ba Cadi shugabanni uku a jere: Gukuni Wadai, Hisen Habre da Idris Debi.

A 2008 gwamnati ta raba BET gida uku. Borku ta riƙe Faya, Tibesti ta samu Bardai, Ennedi ta samu Fada. A 2012 aka sake raba Ennedi biyu: ta yamma tana da Fada, ta gabas tana da Amjaras.