Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Ɗakin Shan Magani

A ƙasar Bukkuyum da maƙwabtanta Anka da Gummi, ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ba kasafai yake kaiwa gaban likita ba. Manomin da kwankwaso ya riƙe bayan huɗa, da dattijon da sanyin ƙashi ya hana ruku'u, wurin wanzami suke nufa tun kaka da kakanni.

Ranar kasuwa wanzami kan shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kwance zabira. Ya kafa ƙaho a gadon baya, ya zuƙe iskar da baki, ya liƙe 'yar kafar. In fata ta tasa sai ya cire, ya yi tsaga da aska, ya mayar. Gudan jinin da ya taru shi ake nuna wa mai ciwo, a ce ga mataccen jini ya fita. Likitocin zamani ba su yarda da wannan bayani ba, amma wanzami ya san mai ciwon, ya san aikin da ya karya shi, kuma baɗi ma yana nan. Targaɗe da karaya kuwa na maɗora ne, sana'ar gado.

A zamanin En'e aka fara gina ɗakunan shan magani a gundumomin lardin Sakkwato, kuma malamin asibiti ne ke riƙe da su, ba likita ba. Magadansa su ne ma'aikatan da makarantar jinya ta Gusau da ta kiwon lafiya ta Tsafe ke yayewa. An ga amfaninsu a 2010, da gubar dalma daga daka dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta buɗe ɗakunan jinya a Bukkuyum da Anka, ma'aikatan jinya suka yi makonni suna ɗura wa yara magani, suna lallashin iyaye mata.

Ciwon baya bai samu irin wannan gata ba. Gashin ƙashi na asibiti ya shigo Nijeriya tun 1945 ta Igbobi a Legas, amma har yau abin birni ne, sai an kama hanyar Gusau ko Sakkwato, hanyar da 'yan bindiga suka sa ake shakkar bi. Saurayin da ya wuni cikin ramin zinare kemis yake nufa da yamma, ya sayi tiramadol ko diklofenak. Na farkon yana kama mutum ya kasa bari, na biyun kuwa in an daɗe ana sha yakan jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda.