Wa Zai Zama Mugu? Tarihin Abokin Gaba a Wasan Yaƙi na Kan Tebur

Duk wasan yaƙi yana buƙatar ɓangare biyu, don haka dole wani ya yarda ya riƙe rundunar abokan gaba. Masu ƙera ƙananan mutum-mutumin sojoji, suna yanka su suna sake haɗa su da gam suna shafa musu fenti, sun shafe shekaru suna fama da wannan zaɓi: wace irin mugunta rundunarsu za ta wakilta, kuma daga ina za a aro kamanninta?

A farkon lamari abokin gaba ba shi da fuska. A shekarar 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsa wasan Kriegsspiel, wanda ya gyara daga ƙirar mahaifinsa. Ana yin sa ne a kan taswira da ƙananan tubala, wasu shuɗaye wasu jajaye, alƙalin wasa yana yanke hukunci. Manufar ita ce horar da hafsoshi, don haka launi kaɗai ya isa ya raba rundunonin biyu.

Fuska ta shigo ne da sojojin dalma. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin dokokin wasa da sojojin wasan yara da 'yar igwa mai harba guntun katako. Wells mai ƙyamar yaƙi ne, yana ganin wasan zai nuna wa mutane wautar yaƙin gaske. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Tun daga lokacin sojan kan tebur ya sami kaki da tuta da ƙasa, kuma tambayar ta yi nauyi. Wanda ya ɗauki rundunar Jamus ta 1944 yana riƙe da sojojin Hitler ne. A wasannin zamanin mulkin mallaka, irin su The Sword and the Flame na 1979, Zulu da dakarun Mahdin Sudan su ne ake jerawa a gaban sojan Birtaniya, alhali a idon jikokinsu su ne masu kare gida.

Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya kauce wa wannan tarko ta hanyar ƙago mugaye daga tunani. Ya fitar da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987 daga alƙalamin Rick Priestley. Littattafai biyu na Realm of Chaos, na 1988 da 1990, suka tsara mugunta gida huɗu, kowanne da gunkinsa: Khorne na zubar da jini, Nurgle na cuta da ruɓewa, Tzeentch na makirci da tsafi, Slaanesh na holewa marar iyaka. Wannan rabo ya zama jagora ga masu sauya fasalin mutum-mutumi. Mai bin Nurgle yana kumbura cikin sojansa da ƙullin gam, yana zana masa tsatsa da gyambo. Mai bin Khorne yana ƙara gatura da ƙoƙunan kai. Rundunar mugaye ta fi ba da sararin ƙirƙira, domin karkataccen hannu ko ƙarin ƙaho ba aibi ba ne a jikin dodo.

Sai dai muguntar ƙage ma daga tarihi take aro tufafinta. Daular 'yan Adam ta Warhammer 40,000, wadda ake kira Imperium, an gina ta ne a matsayin zambo ga mulkin kama-karya, da mikiyarta mai kai biyu da jami'anta masu dogayen riguna da ke harbe sojan da ya ja da baya. Da shekaru suka tura, wasu 'yan wasa suka manta da zambon, suka rungumi kamannin. A 2021, bayan wani ya halarci gasa a Sifaniya sanye da tufafi masu alamomin 'yan Nazi, kamfanin ya fitar da sanarwa a watan Nuwamba yana jaddada cewa daular gargaɗi ce, kuma ba ya maraba da masu aƙidar ƙiyayya. A Jamus kuwa doka ta riga ta yi magana: sashe na 86a na kundin laifuffuka ya hana nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a, sai a fagage irin na ilimi da fasaha, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cire shi daga kwalayen samfurin jiragen yaƙi.

Wannan tarihi yana nuna inda iyakar take. Mai wasa zai iya gina rundunar annoba, ko ta 'yan fashin teku, ko ta maciya amanar sarki, ba tare da ya taɓa kowa ba, domin babu makabartar da ke ɗauke da waɗanda Nurgle ya kashe. Amma da zarar ya aro tambarin wata ƙungiyar gaske, ko ya mai da suturar wata al'umma mai rai alamar mugunta, to ya aro har da matattunta da masu makokinsu, kuma wataƙila ɗayansu ne ke zaune a ɗaya gefen teburin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.