Gadon Haya Ba Mirasi Ba Ne: Tarihin Gidajen Ƙananan Hukumomi a Ingila a Ma'aunin Fiƙihu

Idan ɗan haya ya rasu a gidan da hukuma ta ba shi, wa ke da haƙƙin ci gaba da zama a cikinsa? Tambayar ta shafi iyalan Musulmi masu yawa a Ingila, kuma tarihinta yana nuna bambancin da ke tsakanin abin da ake gada da abin da ake bayarwa bisa sharaɗi.

Ƙananan hukumomin Ingila sun soma gina gidaje masu sauƙin haya da yawan gaske bayan dokar gidaje ta 1919, wadda ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai fiye da shekara 60 mazauna waɗannan gidaje ba su da tabbacin zama a doka, balle iyalansu. Dokar gidaje ta 1980, a zamanin Firaminista Margaret Thatcher, ita ta kawo wannan tabbaci, sannan dokar 1985 ta tattara hukunce-hukuncen wuri guda. An ba mijin mamaciya ko matar mamaci damar ɗaukar hayar, haka kuma ɗan'uwa na jini da ya zauna tare da mamacin wata 12 kafin rasuwarsa, muddin gidan ne mazauninsa na asali. Mutum ɗaya ne ke ɗauka, kuma sau ɗaya tak. Saboda haka idan uwa ta karɓi hayar bayan mijinta, ɗanta ba shi da wannan haƙƙi bayanta, ko da a gidan aka haife shi. Wata dokar ta 2011 ta ƙara ƙuntata lamarin: hayar da aka ƙulla daga 1 ga Afrilu, 2012 abokin zaman aure ne kaɗai ke ɗaukarta, sai in yarjejeniyar ta faɗaɗa. Dalili shi ne ƙarancin gidaje da tsawon jerin masu jira.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna makomar ijara bayan mutuwa. Hanafawa suna ganin tana warwarewa da rasuwar ɗayan masu ƙulla ta. Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa kuwa suna ganin ba ta warwarewa, domin amfanin gida dukiya ne da ke komawa ga magada har ƙarshen wa'adi. Amma wannan hukunci yana magana ne a kan haya mai ƙayyadadden lokaci. Hayar hukuma a Ingila galibi ta mako-mako ce, ba ta da wani sauran wa'adi da za a raba.

Misalin da ya fi kusa da ita yana cikin tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Gobarar da ta riƙa cinye gidajen wakafi a Istanbul ta sa aka samar da tsarin ijara biyu: ɗan haya ya biya kuɗi mai tsoka tun farko don a sake gini, sannan ya riƙa biyan kaɗan duk shekara. Idan ya rasu, haƙƙin zama yana komawa ga 'ya'yansa, mace da namiji daidai wa daida. Malamai ba su kira wannan mirasi ba, sun kira shi intiƙali, domin gidan na wakafi ne, ba na mamacin ba. A 1867 aka faɗaɗa shi zuwa wasu dangi.

Darasin a fili yake. Abin da mutum bai mallaka ba, ba ya shiga cikin abin da ya bari, kuma ƙa'idojin fara'ili ba sa hawa kansa. 'Yar da ta yi jinyar mahaifinta a gidan hukuma, doka ta bar mata hayar, 'yan'uwanta maza ba su da kaso a cikin zaman. Kayan ɗaki da kuɗin da mamacin ya bari kuwa, su ne ake rabawa yadda Allah Ya hukunta. Wajibi ne malamin da aka tambaya ya rarrabe waɗannan biyu kafin ya ba da fatawa, don kada a zalunci mai rauni da sunan shari'a. Allah ne Mafi sani.