Intafaron: Tarihin Kururuwar Da Jiki Ke Yi



A watan Afrilun 2020, yayin da mu nan Ƙofa muke jin labarin ɓullar korona a Daura, maƙabartun Kano cika suke yi. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Tambayar da ta rage ita ce: me ya sa cuta ɗaya ta kashe wani, ta bar wani da 'yar mura?

Amsar ta faro ne daga Landan a 1957. Alick Isaacs da Jean Lindenmann sun zuba bairos ɗin mura da aka raunana da zafi a kan tantanin ƙwan kaza. Sai suka ga tantanin ya fitar da wani sinadari mai hana sabon bairos yaɗuwa. Suka raɗa masa suna intafaron, wato mai katsalandan. Aikinsa kururuwa ne: ƙwayar jikin da ta kamu tana sanar da maƙwabtanta su shirya.

Sai dai jiki ba ya wannan kururuwa kullum. Umarnin haɗa sinadarin yana rubuce cikin ƙwayoyin gado, a kulle. A 1988 Tadatsugu Taniguchi na Japan da abokan aikinsa suka gano IRF-1, na farko cikin dangin furotin masu riƙe da makullin. Da ƙwayoyin garkuwar jiki sun hangi bairos, irin waɗannan furotin ke buɗe ƙofar. Idan ta zauna a buɗe, jiki kan yaƙi kansa, kamar a cutar lupus. Idan ta makara, an yi ihu bayan hari.

A 2020 binciken ayarin Jean-Laurent Casanova ya nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai gargara, jininsu na ɗauke da sinadaran da ke toshe intafaron, galibinsu maza. Wannan ɓangare ne na amsar da Kano ta nema.

Annoba za ta sake zuwa. Idan ba mu rubuta wa mutanenmu irin wannan bayani da Hausa ba, jita-jita za ta riga mu isa majalisa.