Tukunyar Ƙarfe Mai Ƙafa Uku: Tarihin Shigowarta da Hanyoyin Gane Ta a Sabon Garin Minna

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce “tukunyar ƙarfe” a Hausar yau, galibin masu sauraro tukunyar dalma ce take faɗo musu a rai. Alhali kuwa sunan yana da mai shi tun asali, wato baƙar tukunyar nan mai nauyi, mai ƙafa uku da kunne biyu, wadda aka riƙa shigowa da ita daga Turai. Wannan maƙala za ta bi sawunta ne zuwa Minna.

2.0 Asali da Shigowa

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarfe. Sai dai maƙeran baƙi ƙira suke yi, ba zubi ba. Wutar da suke narka tama da ita takan fitar da dunƙulen ƙarfe ne, wanda sai an buge shi a kan uwar maƙera. Shi kuwa ƙarfen zubi sai ya zama ruwa, a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, kafin a kwarara shi cikin ƙwarya. Zubin da aka sani a Bida da Kano na tagulla ne da azurfa. Saboda haka girki ya ci gaba da zama a tukunyar ƙasa, wadda matan Gwari na wannan yanki suka yi fice wajen gininta.

A Ingila, Abraham Darby ya sami izinin mallakar fasahar zubin tukwane cikin yashi a 1707, kuma a 1709 ya fara narka ƙarfe da gasasshen kwal a Coalbrookdale. Wannan ne ya karya farashin tukunya har ta zama hajar fatauci. Daga baya kamfanoni irin su Carron na Sikotilan, wanda aka kafa a 1759, da Kenrick da Cannon na tsakiyar Ingila, suka shiga sana'ar.

Kaya ne mai nauyi, mai kuma fashewa, wanda bai dace da bayan jaki ba. Abin da ya buɗe masa hanya sosai shi ne jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ne ya haɗu da wanda ya taso daga Ikko. Leburori da 'yan kasuwa, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, suka zauna kusa da tasha, gari ya bunƙasa da unguwanni irin su Sabon Gari da Limawa da Maƙera. Mai dafa wa taron baƙi abinci kullum tana buƙatar tukunyar da za ta jure wuta. Ƙafafun nan uku kuma sun ɗauke mata neman duwatsun murhu.

3.0 Yadda Ake Gane Ta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zubin dalma ya bazu a Afirka ta Yamma. Shi wannan ƙarfe a digiri 660 yake narkewa, don haka gawayi da zugazugi sun isa. Abin lura shi ne, masu zubin tsohuwar tukunya sukan danna cikin yashi su fitar da ƙwarya. Ta haka siffa da zobban ciki, wani lokaci har da lamba, duk sukan koma jikin sabuwa. Ke nan siffa kaɗai ba hujja ba ce.

Hujjar farko maganaɗisu ne: yana kama ƙarfe, ba ya kama dalma. Sai nauyi da tsatsa. Ta ƙarfe tsagewa take yi idan ta faɗi, ba ta lotsawa. A jikinta akwai layin da ɓangarorin ƙwarya suka haɗu, a gindi kuma akwai tabon inda ruwan ƙarfe ya shiga. Lambar da ke gefe girman tukunya take nunawa, ba shekarar zubi ba, kuma nan ne masu tarawa suka fi yin kuskure. Sunan kamfani, in akwai, a murfi aka fi samunsa, murfi kuwa shi ne yake fara ɓata.

Waɗanda suka rage a hannun masu abinci da cikin kayan gado, 'yan gwangwan ne suke sayensu da awon kilo, su tura kamfanonin narka ƙarfe. Sikeli ba ya bambanta tukunyar da ta shekara ɗari da tsohon birkin mota.